Kwamfuta Mai Ƙwaƙwalwa Biyu da Kujerar Baba Mai Tafireta

Na zo Dutse ne a shekarar da aka ba mu jiha, da akwatin ƙarfe ɗaya cike da takardun rubutu da kabon da ribon tafireta. Kafin nan a Kano nake, ina sayar da batir da kaset a bakin kasuwa. Da na ji an ce ma'aikata za su kwararo sabuwar jiha, sai na ce ai duk inda ma'aikaci ya sa ƙafa takarda tana biye da shi. Na kafa tebur a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da ofisoshi. Daga tebur na koma rumfar kwano, daga rumfa na koma shago mai ƙofar ƙarfe. Ba wanda ya ɗora ni, kuma ba na faɗin haka don alfahari. Gajiyarsa har yau tana bayana.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in tafireta ta fara tsufa. Na lura ribon ya daina tafiya kamar da, na shiga mota zuwa Kano na dawo da kwamfutocin gwanjo guda uku. Ban yi makarantarsu ba. Buɗe su na riƙa yi da sukudireba, in ɓata, in gyara, in tambayi waɗanda suka fi ni sani, har na gane abin da ke ciki daidai gwargwadon mai sayarwa. Na san abin da ke ƙonewa idan wuta ta zo da ƙarfi. Na san wanda ƙura ke kashewa. Na kuma san abin da mai saye yake so ya ji.

Bayan an ƙaddamar da shari'a da kamar shekara guda, wata kwamfuta ta faɗo hannuna cikin kayan da aka kawo mini. Doguwa ce, mai nauyi, sai mutum ya rungume ta da hannu biyu. Da na buɗe cikinta na tarar ƙwaƙwalwa biyu gare ta, wato ɗan guntun nan da ke yin lissafin komai, wanda sauran kwamfutoci ɗaya suke da shi. Irin wannan an yi ta ne don manyan ayyuka, zanen taswira ko haɗa fim ko riƙe kwamfutoci da yawa a babban kamfani. A Dutse ta wancan lokacin ba mai irin wannan aiki. Ta yi wata huɗu a shagona tana cin wuri.

Sai ga daraktan wani ofishin gwamnati, wanda ba zan faɗi sunan ofishin ba. Bafulatani ne dogo, ɗan boko, mai tsafta, da biro ja a aljihun gaba kullum. Iyayensa suna da shanu a can wajen Ringim, shi ma ya yi kiwo yana yaro, kuma ba ya zance biyu sai ya sako saniya a ciki. Kwamfuta biyu yake so, ɗaya ta teburinsa, ɗaya ta mai buga takardu. Idonsa ya faɗa kan doguwar nan.

"Alhaji, wannan fa? Ta fi 'yan uwanta ƙiba."

"Ƙwaƙwalwa biyu gare ta, ranka ya daɗe."

"Biyu?" Ya dafa ta kamar yadda ake dafa tozon sa a kara. "Kenan aikin biyu take yi. Sa biyu a garma ai ba ɗaya suke da sa ɗaya ba."

Na ce, "Ƙarfi kam akwai shi, ranka ya daɗe."

Abin da na faɗa kenan, kuma ba ƙarya ba ne. Amma na san abin da ya ɗauka, na bar shi a kai. Na kuma san wani abu da ban faɗa ba: tsarin da na saka mata, wanda duk masu buga takardu suka saba da shi, ba ya ma ganin ƙwaƙwalwa ta biyun. Tana nan zaune a ciki tana shan wuta tana fitar da zafi, ba ta taɓuka komai.

A al'adar ofis, babban kaya na babban mutum ne. Kujera mai juyawa, fanka mai tsayi, agogon bango mai kyau, duk ɗakin shugaba suke shiga, na ƙasa ya samu abin da ya rage. Da darakta ya bi al'ada, da babbar ta hau teburinsa an rufe ta da ƙyalle, magana ta ƙare. Amma shi mutum ne mai son a ce ya kawo sauyi. Ya ce a kai babbar ɗakin buga takardu, shi ya ɗauki ƙaramar mai ƙwaƙwalwa ɗaya. Ya tara ma'aikata ya gaya musu cewa ya hana kansa don aiki ya yi sauri. Ni na haɗa wayoyin da hannuna ina jin yana faɗa.

Mai buga takardun wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba mai tafireta. Na san shi tun ina gindin darbejiya, domin shi ake aikowa sayen ribon. Siriri ne, ba ya son magana, yana ɗaura tabaronsa da zare ta baya. Ya shekara ashirin da wani abu yana buga tafireta, ya koyi kwamfuta da girmansa ba tare da ya yi ƙorafi ba. Gidansa da gonarsa suna wani ƙauye a hanyar Kiyawa. Kullum da safe yana zuwa a kan tsohon babur, ranar Laraba kuma yana goyo uwargidansa zuwa asibiti saboda ciwon ƙafa da ya ƙi ta. Saura shekara biyu ya yi ritaya.

Bayan wata uku, wata ranar Talata da hantsi, ya shigo shagona. Damina ta fara, ƙafar wandonsa duk taɓo. Muka gaisa, na tura masa benci. Ya zauna yana juya hula a hannu.

"Alhaji, tambaya na zo yi. Injin nan da ka kawo mana, akwai wani maɓalli da ake dannawa ta yi saurin nan da ake faɗa? Ko ni ne ban iya ba?"

"Me ya faru, Baba?"

Ya zaro takarda daga aljihu ya miƙo mini. Rubutun hannu ne na darakta. Wasiƙa ce ta canjin wurin aiki: an mai da mai buga takardu wani ƙaramin ofishi can gaba da Miga, saboda an ba shi na'ura mai aikin mutum biyu amma har yanzu aikin mutum ɗaya yake fitarwa. Za a kawo wani mai jini a jika.

"Wa ya ba ka wannan?"

"A cikin fayil ta zo. Ni zan buga ta." Ya yi ɗan murmushi. "Ai ni ne mai bugawa."

Ya ce an ba shi zuwa Alhamis. Ya ce shi ba tafiyar ce ta dame shi ba, ya yi aiki a ƙauyuka da yawa. Amma daga can ba zai iya kawo uwargida asibiti ranar Laraba ba, ga gero ya fara tsiro. Bai roƙe ni komai ba. Maɓallin kawai yake nema.

Na ce, "Baba, babu maɓalli."

Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani, ya sa hularsa, ya tafi.

A lokacin nan zancen gari duk na mudu ne. Ana zagayawa kasuwa ana duba mudun masu hatsi, wanda aka bubbuge gindinsa a karɓe. Malamai a masallaci suna ta maimaita cewa mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa. Ni kuwa ina sahun gaba ina gyaɗa kai, don ba na sayar da hatsi. Ba zan ce wa'azi ne ya tashe ni ba. Na yi lissafina irin na ɗan kasuwa: ofishin nan yana cikin manyan masu sayen kayana, in na je na ce wa darakta abin da ya yi alfahari da shi gaban ma'aikatansa ba haka yake ba, na rasa shi. In na yi shiru, za a kawo sabon mai bugawa, shi ma aikin ba zai ninka ba, wata uku a gane injin ne, in rasa shi duk da haka, Baba kuma yana can bayan Miga. Duk ta inda na juya asarar tana nan. Bambancin kawai ko dattijon zai tafi tare da ita.

Ranar Alhamis na rufe shago na tafi. Na jira a kan bencin baranda har darakta ya gama da baƙi. Da na shiga, ƙaramar kwamfutar tana gefen teburinsa an lulluɓe ta da ƙyalle mai aikin sarƙa, an ɗora kalanda a kai.

"A'a, Alhaji! Me ka kawo mana yau? Mai ƙwaƙwalwa uku?"

"Ranka ya daɗe, gyara na zo yi. Maganata zan gyara."

Na gaya masa a fili. Na ce ƙwaƙwalwa biyu gaskiya ne, amma aikin ofis ba ya bukatar ta biyun, kuma yadda na haɗa ta, ta biyun ma ba ta aiki. Na ce ranar da ya yi maganar sa biyu ya kamata in tare shi, ban tare shi ba don ina so in rabu da ita.

Fuskarsa ta canza. Ya cire biro ja daga aljihu ya ajiye a tebur.

"Malam mai tafireta ne ya turo ka?"

"Ba wanda ya turo ni. Tambaya ya zo yi, na ba shi amsa."

"To ni ban yarda ba. Biyu ta fi ɗaya, ko a ina. Kai Kaɗo, ni za ka koya wa shanu?"

"Wane ni, ranka ya daɗe. Amma ka sani sa biyu sai an ɗaura musu karkiya ɗaya. Wannan na biyun a turke yake, harawa kawai yake ci. Kuma ko an ɗaura shi, ba noma ake yi a ɗakin can ba. Ƙwaryar nono ɗaya ake kaiwa kasuwa. Ko bijimi goma ka haɗa, ba za ta riga mai ɗauke da ita isa ba."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Na ce kada ya yarda da bakina, tunda bakin nan ne ya sayar masa. A ajiye su biyun a tebur ɗaya, mutum ɗaya ya buga takarda ɗaya a kowacce, shi ya riƙe agogo.

Ya kalli ƙyallen, ya mayar da bironsa aljihu, ya ce to. Ina jin abin da ya sa ya yarda shi ne ya tabbata zai kunyata ni.

Na ɗauki ƙaramar da kaina na kai ɗakin buga takardu. Ƙura ce a bayanta, wayarta ma ba a taɓa sokawa a bango ba tun ranar da na haɗa, an cire an naɗe. Ba wuta, sai da aka tada janareta. Kafin in gama haɗawa ma'aikata sun cika taga, har da masu jiran sa hannu da fayil a hammata. Baba yana zaune a kujerarsa ta katako, hannuwa a cinya.

Darakta ya cire agogonsa ya riƙe. Na kunna su lokaci ɗaya. Babbar ta ɗauki gurnani, fankokinta suna juyawa, tana ta duba kanta. Ƙaramar ta riga ta buɗewa. Wani daga taga ya ce, "Ƙanwa ta riga yaya tashi!" Aka yi dariya, darakta ya waiwaya, aka yi tsit.

"Tashi ba aiki ba ne," in ji shi. "Malam, ɗauko takarda ka buga."

"Wacce, ranka ya daɗe?"

"Duk wadda ke sama."

Baba ya miƙa hannu cikin tire ya ɗauko ta sama. Ni da darakta muka gane ta tare: wasiƙar nan ce ta canjin wurin aikinsa. Darakta ya buɗe baki kamar zai ce a canza, amma mutane suna kallo, ya fasa.

Baba ya gyara tabarau ya fara a kan babbar. Ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake bugawa ba sai ranar. Ba ya kallon hannunsa. Yatsun suna sauka da ƙarfi irin na wanda ya saba da tafireta, har teburin yana motsi. Ya buga sunansa, ya buga lambar aikinsa, ya buga dalilin da aka ce ya gaza, bai tsaya ba, bai yi kuskure ba. Ya ce, "Na gama." Darakta ya rubuta mintunan a bayan wani ambulan. Baba ya ja kujera zuwa ƙaramar, ya sake buga takardar tura kansa bayan Miga daga fari. Da ya gama, darakta ya dubi agogo, ya dubi ambulan, ya sake duban agogo. Bambancin bai kai a faɗa ba, kuma ƙaramar ce ma ta ɗan riga, don hannun Baba ya riga ya san kalmomin.

"Saura fitarwa," in ji darakta.

Firinta ɗaya ce a ofishin, irin mai ƙarar nan kamar ana yayyaga atamfa. Na soka ta a babbar, ta fitar. Na zare na soka a ƙaramar, ta fitar. Tafiyarta ɗaya, ba ruwanta da wanda ya aiko ta.

Darakta ya tsaya da takarda biyu a hannu, iri ɗaya sak.

"To in ba injin ba ne, kuma ba Malam ba ne, me ke cinye mana lokaci? Wasiƙa ɗaya sai ta kwana uku."

Na san amsar, Baba ya fi ni sani, mutanen taga duk sun sani. A zamanin tafireta, in shugaba ya gyara wasiƙa sai an sake buga ta tun daga bisimilla, don haka sau ɗaya yake gyarawa ya sa hannu. Da kwamfuta ta zo aka gaya wa darakta gyara ba ya da wuya, sai kowace wasiƙa ta riƙa hawa tana sauka. A buga, a kai masa, ta kwana a tire, ta dawo da jan biro, a gyara, a fitar, a mayar, ta sake dawowa. Tiren Baba a cike yake da takardu masu jan rubutu, wata ma an gyara an mayar da ita yadda take tun farko.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni injin kawai na sani. Amma na ga takarda tana daɗewa a hanya fiye da yadda take daɗewa a inji."

Ya bi idona zuwa tiren. Ya daɗe yana kallonsa. Aka kira sallar azahar a masallacin ofis, mutanen taga suka fara janyewa, ba don sun so ba.

Sai ya zaro jan bironsa. Na ce a raina shi kenan, zai sa hannu. Ya ɗora ɗaya daga takardun a kan babbar kwamfutar, ya ja layi a ƙarƙashin wata kalma, ya zagaye wata, ya rubuta wani abu a gefe. Ya jefa ta cikin tire.

"Akwai gyara. Ka bar ta sai na neme ta."

"To, ranka ya daɗe," in ji Baba.

"Wannan kuma," ya nuna babbar da haɓa, "a kai ta ofishina. Zafi take ƙara wa ɗakin nan." Ya juyo gare ni. "Alhaji, mun gode da gyaran magana. Da ka yi shi tun a shago da ya fi."

"Da ya fi, ranka ya daɗe."

Ni na rungume ta na kai masa. Ya miƙo mini ƙyallen, na lulluɓe ta, ya mayar da kalandar a kai. Ƙyallen bai rufe ta duka ba, ta fi shi tsawo.

Bai ƙara sayen ko fensir a wurina ba. In mun haɗu a masallacin Juma'a muna gaisawa da kyau, ya tambayi kasuwa, in tambayi shanu. Labarin ya zaga ofisoshi ta fuska biyu: wasu suka ce ga mai faɗin gaskiya, wasu suka ce ga wanda ya sayar wa gwamnati sa a turke. Na biyun sun fi yawa, kuma su ne masu sa hannu a takardar sayen kaya. Shekarar nan na ji jiki. Ban mutu ba, na koma sayar da tawadar firinta da gyaran waɗanda wuta ta ƙona.

Wasiƙar ba a sake nemanta ba. Baba ya ƙarasa shekarunsa biyu a kujerar katakon nan da ƙaramar kwamfutar. An ce jan biron ya ɗan ragu na wata biyu, daga baya ya dawo yadda yake. Bai taɓa yi mini godiya da baki ba, ni ma ban ga dalilin da zai yi ba, tunda ni na haƙa ramin. Ranar Laraba dai in sun fito daga asibiti yakan rage gudu a ƙofar shagona ya ɗaga hannu, uwargida a baya ta riƙe ledar magani.

Ranar da ya yi ritaya ya tsaya ya sauka. Ya ajiye mini ɗan buhun gyaɗa a bakin ƙofa, sannan ya zaro takarda a ninke daga aljihu. Kwafi na biyu ne na wasiƙar nan, wanda ba a taɓa da jan biro ba.

"Na ga ba kuskure a ciki, na ƙi yarwa," in ji shi. "Ko za ka naɗe wani abu da ita."

Na karɓa na sa a aljihun tebur, na taya shi tura babur ɗin, don sai an tura yake tashi.